Gurbi na Bakwai

Ƙarfe sha ɗayan dare a Llallagua,
an rufe tasha, an kashe jar fitilar ɗakin magana,
iskar dutse na sosa kwanon rufi.
Nemesia Colque ta hura yatsunta,
ta jawo kujera, ta shimfiɗa takarda.

Gurbi na ɗaya, suna. Wannan da sauƙi.
Na biyu, shekaru. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
kada a haura talatin da biyar.
Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Tana talatin da biyar tana bakin rami,
makirufo a hannu, goyo a baya,
ba wanda ya zo ya ce mata ga ƙa'ida.

Gurbi na huɗu: haɗo ayyuka uku da aka buga.
Wa ke buga iska?
Shekara ashirin da biyu muryarta ke fita da asuba,
ta faɗa wa mahaƙa kuza farashin jiya,
ta kira sunan wanda bai fito ba.
Kasa-kasan suna cikin kwali,
danshi ya ci rabi, ɓera ya ci saura,
duwatsu kaɗai suka rage shaida.

Ta taɓa zuwa horo a La Paz,
otal mai ruwan zafi har a famfon wanke hannu.
Wani saurayi mai tabarau ya haska bango,
yana koya musu yadda ake tunkarar mai makoki:
a sassauta murya, a nemi izini.
Ta rubuta duka. Ba ta gaya masa ba
cewa ta kwana uku a ƙofar rami na shida,
hannun Fortunata cikin nata,
har aka fito da mijin a lulluɓe.
Ranar rufewa aka miƙa mata takardar yabo,
an rubuta Colque da harafin da ba nata ba.
Tana nan dai rataye a bango, a gida.

Wilmer kuwa, yaron da ta koya wa
tazarar yatsu huɗu tsakanin baki da makirufo,
shi ya ɗauki labarin huhun da ƙurar rami ke ci,
ya kai birni, ya ciyo kyauta, ya hau jirgi.
Yana aiko hoton ɗakin karatu mai hawa biyar.
Ba ta jin zafi, in ji ta. Wani lokacin tana ji.
Shi ne ma ya turo fam ɗin,
ya rubuto: Uwata, ko ba komai, ki gwada.

Ba hular nan mai tunku take so ba.
So take ta iya karanta lissafin kamfani,
ta gano inda sifili ke maƙalewa,
ta shiga ramin da ba a shiga da fitila,
wanda ake haƙawa da biro a ofis,
a rufe shi da hatimi da sa hannun yarda.

Gurbi na bakwai: kyaututtukan da kika samu.
Biro ya tsaya. Agogo bai tsaya ba.
Sai ta tuna safiyar da Fortunata ta hawo tudu,
ta sauke buhun dankali a ƙofar tasha,
ba ta ce komai ba sai, kin faɗi sunansa daidai.
Nemesia ta rubuta: dankali, buhu ɗaya,
shekarar da rami na shida ya rufta.
Ta duba, ya cika gurbin daidai wa daida.

A shekaru ta sa arba'in da bakwai,
ba ta rage ko wata guda ba.
Wanda zai buɗe a can ƙetaren teku,
ko jefarwa zai yi, sai ya fara karantawa.
Ta liƙe ambulan da yawu.
Ƙarfe biyar za ta kunna jar fitila,
akwai maganar famfon unguwar ƙasa,
da cigiyar tumaki biyu da suka ɓata a bayan gada.